Muhammadu al-Kashinawi: Malamin Katsina da aka ɗauki darasin lissafi a wurinsa a Alƙahira

Akwai wata jinga da ke yawan fitowa a littattafan koyon rubuta manhajar kwamfuta. Za a ce wa ɗalibi ya zana murabba'i mai gida tara, ya zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da 15. Idan ya iya da hannu, sai a ce to ya umarci kwamfuta ta yi, kuma ba mai gida tara kaɗai ba, har da mai gida 25 da mai 49, sannan ta baje sakamakon a shafin intanet.

Yaron da ya taso a Sara ko Gwaram ko Birnin Kudu, ya samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, idan ya ga wannan zane a allon aji zai ji kamar ya taɓa ganinsa. Ya kuwa taɓa. Shi ne abin da malaman zaure ke kira hatimi, wanda ake gani a jikin allon rubutun sha da cikin laya.

Abin da da wuya ya ji a ɗakin lakca shi ne, kusan ƙarni uku da suka wuce wani Bafulatanin ƙasar Katsina ya rubuta littafi guda a kan hanyoyin cika irin waɗannan gidaje, daki-daki, kuma manyan malaman Masar sun zauna a gabansa suna ɗaukar karatu. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta fara a watan Maris na 1741.

Katsinar da ya taso a cikinta

Mafi yawan abin da ake ba da labari a kansa ya fito ne daga littafin Aja'ibul Asar na masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, wanda a gidan mahaifinsa malamin ya cika. A jerin sunayen da Jabarti ya ba shi akwai al-Danrankawi, laƙabin da masana tarihin Katsina ke dangantawa da Kurmin Ɗan Ranko, wani tsohon gari a yankin Malumfashi da ke kan hanyar fatake.

Katsinar wancan zamani ba ƙaramin gari ba ce. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da Gat, fataken goro na fita zuwa Gwanja, kuma duk inda fatake suka bi littafi na biye da su. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya yada zango a birnin. A ƙarni na 17 an yi su Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Ɗan Marina, waliyyan da har gobe ake ziyartar kushewarsu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo a 1851 bayan kasuwa ta koma Kano, ya rubuta cewa a ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar cibiyar wannan yanki. A cikin wannan yalwa Muhammadu ya buɗi ido.

Malamansa

Ya bar jerin sunayen malamansa da abin da ya karanta a wurin kowanne, kuma daga nan Jabarti ya kwaso. Akwai Shehu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Bagirmi ta ƙasar Chadi a yau, mai littafin tauhidin nan al-Manhajul Farid, wanda kuma aka sani da rubutu a kan haramcin shan taba. Akwai wani Shehu Hashimu. Amma biyu ne suka fi barin tambari a jikinsa.

Na farko shi ne Shehu Muhammadu Fudu. Shekara huɗu ya yi yana biye da shi, a gida da kan hanya, yana karatun nahawu da sarfu da adabi. Da farko malamin kan kira shi mai Muƙamu, domin ya haddace littafin Muƙamu har ta kai idan aka jefo masa kalma ɗaya daga ciki, nan take zai kawo wadda ta gabace ta ba tare da ya tsaya tunani ba. Wanda ya taɓa ɗaukar Muƙamatul Hariri a zaure, da kalmominsa da ko Balarabe sai ya buɗe ƙamus, ya san wannan ba wasan yara ba ne. Da nahawu ya zauna masa, sai malamin ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan limamin nahawun Basra na ƙarni na 8.

Na biyu shi ne Shehu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi ta ilimin hadisi, da littattafan aƙida shida na Sanusi. Ya saurari Buhari, ya kuma ɗauki kashi uku cikin huɗu na Muhtasar na Shehu Halilu. A wurin dai wannan malamin ya koyi hisabi, da ilimin sanin lokuta ta hanyar rana da taurari, da ilimin haruffa da hatimai, duk a bisa tsarin malaman Magrib. Wannan magana ta tsarin Magrib za ta dawo a gaba, domin tana da nauyi fiye da yadda take a ido.

Ba ya karatu da littafin aro

Wata ɗabi'a tasa da shi kansa yake ƙirgawa cikin ni'imomin da Allah Ya yi masa ita ce bai taɓa yin karatu da littafin aro ba. Idan zai fara wani littafi da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe matanin da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layi da layi, inda zai riƙa cusa abin da ya tsinta a sharhohi da abin da ya ji daga bakin malam. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da yake yi. Idan hali ya yi, har sharhin da hashiyar yake kwafewa ɗungurungum.

A tuna cewa takarda a lokacin kayan fatauci ce da ake ratso hamada da ita, tawada kuma mutum ne ke dafa abarsa.

Duk wanda ya koyar da rubuta manhaja zai gane hikimar wannan ɗabi'a. Ɗalibi na iya kwafo layi ɗari uku na JavaScript daga intanet ya liƙa, shafi ya tashi fes, ya kai wa malami ya samu maki. Ranar da waƙafi ɗaya ya ɓace shafin ya koma fari fat, ranar ce ake gane wanda ya rubuta da wanda ya ara. Shi ya sa malamai da yawa ke matsa wa ɗalibai su buga kowane layi da yatsunsu, su kuma bar bayani a tsakanin layukan cewa wannan umarnin ga abin da yake yi. Ɗalibai kan yi ƙorafin a ce a rubuta manhaja da biro a takardar jarrabawa, kuma suna da gaskiya idan dalilin shi ne rashin kwamfuta ko rashin wuta. Amma shi kansa rubutun hannun ba shi ne abokin gaba ba.

Hanyar gabas

Ba talauci ne ya fitar da shi daga gida ba. Ya faɗa da kansa cewa yana zaune cikin iyalinsa lafiya lau, cikin wadata da kwanciyar hankali, ya saki wannan duka ya rungumi baƙunta da kaɗaici saboda neman ilimi. Ya nemi izinin malaminsa na tafiya da aikin Hajji, aka sa masa albarka, ya kama hanya.

Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya yi wata biyar a wurin wani malami yana karanta ilimin ramli, wato abin da Bahaushe ke kira bugun ƙasa, tare da wasu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta littafin tafiya da ya tattara abin da ya gamu da shi a hanya.

Ya yi aikin Hajji a 1142, daidai da tsakiyar 1730, sannan ya zauna a Makka. A gabatarwar ɗaya daga cikin littattafansa ya ba da labarin cewa tun kafin ya isa an ja masa kunne kada ya bari mutanen ƙasashen gabas su san yana da ilimin haruffa da ramli, domin ana yawan amfani da su wajen ɓarna da haddasa fitina. Ya yi shiru na wani lokaci. Amma ƙwarewa ba ta ɓuya, aka gano shi, aka matsa masa ya rubuta. A nan Makka ya fara babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, a kan ilimin ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan as-Sirrul Maktum da ake jingina wa Fahruddin ar-Razi. Ya tsara shi a gabatarwa da sassa biyar da kammalawa, ya kuma gama kyakkyawan kwafinsa a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, wato tsakanin ƙarshen 1733 da farkon 1734.

Yadda ake cika gidajen

Littafin da ya ja hankalin masana lissafi na zamani shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a 1145, tsakanin 1732 da 1733. A ciki ya kawo hanyoyi daban-daban na gina hatimin da yawan gidajen kowane gefensa mara ne: uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama. Daga cikinsu akwai wadda ake tafiya da lambobi kamar yadda doki ke tsalle a wasan shaɗaranji, gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe.

Domin a ga irin aikin, ga mafi sauƙin hanya a wannan dangi, wadda littattafan kwamfuta suka fi kawowa. Mai karatu na iya gwadawa a bayan takarda ko ma a ƙasa da tsinke.

A zana gida tara, uku-uku. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Daga nan kowace lamba za ta hau sama gida ɗaya, ta kuma matsa dama gida ɗaya. Idan hawan ya fitar da ita ta saman murabba'in, sai ta ɓullo ta layin ƙasa. Idan matsawar ta fitar da ita ta dama, sai ta ɓullo ta hagu. Idan kuma ta tarar da gidan da mai shi, sai ta haƙura ta sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ta gabace ta.

Da wannan, 2 za ta faɗa kusurwar dama ta ƙasa, 3 ta ɓullo hagu a layin tsakiya. Gidan da 4 za ta shiga 1 na ciki, don haka ta sauka ƙarƙashin 3. Sai 5 a tsakiya, 6 a kusurwar dama ta sama. Ita ma 7 za ta tarar da 4 a gidanta, sai ta sauka ƙarƙashin 6. Daga nan 8 ta tafi kusurwar hagu ta sama, 9 ta cike tsakiyar layin ƙasa. Layin sama ya zama 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2. Ta ko'ina aka tara, 15 ne.

Abin sha'awar shi ne waɗannan ƙa'idojin ba su damu da girman murabba'in ba, in dai gefensa mara ne. A mai gida 25 kowane layi zai ba da 65, a mai 49 zai ba da 175, a mai 81 kuma 369. Mutumin da bai san dalilin da ya sa hanyar ke aiki ba, idan ya bi ta sau da ƙafa, zai isa. Na'urar da ba ta da hankali ma za ta isa. Wannan shi ne ainihin abin da ake kira algoridim, kalmar da ita kanta ta samo asali daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Hawarizmi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9.

Ɗalibin da zai mayar da wannan zuwa JavaScript yana buƙatar abubuwa kaɗan ne: jerin gidaje da za su riƙe lambobin, umarnin maimaitawa da zai ƙirga daga 1 zuwa lamba ta ƙarshe, da sharaɗin da zai duba ko gida a cike yake. Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne fita ta sama a ɓullo ta ƙasa. Maganinsa alamar % ce, wadda ke ba da ragowar rabawa. Idan aka fara ƙirga ginshiƙai daga 0 zuwa 2, aka matsa dama daga 2 aka samu 3, ragowar raba 3 da 3 sifiri ne, sai ga mutum ya dawo ginshiƙin farko. Dabarar da ke sa hotunan saman shafin intanet su riƙa juyawa, na ƙarshe ya wuce na farko ya dawo, ita ce wannan. HTML zai zana teburin, CSS ya yi masa ado, amma tunanin duk yana cikin ƙa'idojin nan.

Ba al-Kashinawi ne ya ƙirƙiro fannin ba, kuma ba a yi masa adalci idan aka ɗora masa abin da bai yi iƙirari ba. Sinawa sun san hatimi mai gida tara tun zamanin da. A ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya yi rubutu a kai, Ihwanus Safa kuma suka kawo hatimai daga mai gefe uku har mai gefe tara. Hanyar da aka gwada a sama ta shiga Turai ne ta hannun Simon de la Loubère, jakadan Faransa a ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, a littafin da ya fitar a 1691. Aikin malamin Katsina shi ne ya tattaro hanyoyin da suka warwatsu, ya warware inda suka cukurkuɗe, ya jera su yadda ɗalibi zai iya bi. Sunan littafin ma alkawarin bayyana abin da ya rikice da buɗe abin da ya kulle ne. A cikinsa ya gargaɗi mai koyo kada ya karaya idan lissafi ya ƙi fita, ya kwatanta shi da mai neman aure, wanda ba ya samu sai da naci.

Harafi ɗaya, lamba biyu

Komawa ga tsarin Magrib. A ilimin hisabi kowane harafin Larabci yana da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa 1000. Da wannan ne marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin kalma ɗaya a baitin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Matsalar ita ce malaman Magrib, waɗanda ƙasar Hausa ta bi, da malaman gabas sun saɓa a kan wasu haruffa. Shin a wurin na Magrib 1000 ne, a wurin na gabas 300. Sin a Magrib 300 ne, a gabas 60. Sad a Magrib 60, a gabas 90.

A ɗauki haruffa huɗu: shin, ƙaf, nun, dal. Malamin Katsina zai tara 1000 da 100 da 50 da 4, ya samu 1154, shekarar rasuwar al-Kashinawi. Malamin Azhar zai karanta haruffan nan dai ya samu 454. Shekara 700 ta salwanta, alhali ba wanda ya yi kuskuren tarawa. Mutumin da ya yi karatu a tsari ɗaya ya je yana koyarwa a ƙasar da ke bin ɗayan, dole ya riƙe duka biyun a ka.

Mai gina shafukan intanet da Hausa ya san wannan ciwon. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Babban A a wurinta 65 ne, ƙ mai lanƙwasa 409 ne a tsarin Unicode, ɗ kuma 599. Idan aka adana rubutu a tsari ɗaya, burauza ta karanta shi a wani, sai ƙasa da ɗaki da ɓera su koma akwatuna da alamomin tambaya. Layin nan guda da ake sawa a saman shafi mai cewa UTF-8, aikinsa kawai ya shaida wa mai karantawa da wane lissafi aka rubuta.

Lissafi ne ko tsibbu?

A nan ne maganarsa ke da ƙaya. Al-Kashinawi bai rubuta hatimai don nishaɗi ba. Ya yi imani haruffa da lambobi suna ɗauke da asirai, littattafansa cike suke da maganar sa'o'in taurari da ɗalasimai, har yana umartar mai koyo ya yi aikinsa a ɓoye. Malamai da yawa, a da da yanzu, ba su yarda da wannan fanni ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya sanya ilimin asiran haruffa a sahun sihiri a cikin Muƙaddima. A Arewa ta yau ma, ambaton hatimi kaɗai ya isa ya raba majalisa biyu.

Wasu masu rubutu a kansa, musamman na ƙasashen waje, kan share wannan ɓangaren su nuna shi kamar farfesan lissafi na jami'ar zamani. Wasu kuma a gida, da sun ji ɗalasimai sai su rufe littafin. Duka biyun sun rage masa tsawo. Mutum ne malamin Malikiyya da ya san nahawu da hadisi, ya tsara waƙar manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, ya yi mata sharhi mai kauri da ya kai damin takarda sittin, ya rubuta Bulugul Arab a nahawu, kuma shi ne dai mai littafin taurari. A zamaninsa ba a gina katangar da ke tsakanin waɗannan fannoni ba, ko a Turai. Isaac Newton, wanda ya rasu a 1727, shekara uku kafin Hajjin al-Kashinawi, ya ɓatar da shekaru yana gwaje-gwajen alkimiyya. Johannes Kepler, mai dokokin tafiyar duniyoyi, yana duba wa manya taurarinsu ana biyansa.

Hukuncin laya da duba na malaman shari'a ne, kuma sun yi magana. Amma cewa 8 da 1 da 6 sun ba da 15 ba ya buƙatar fatawa. Ɓangaren lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma ci gaba da tafiya bayan an bar maganar asiri. Leonhard Euler ya yi bincike a kan waɗannan murabba'ai a 1776 da 1782, daga nan aka samu tsarin da masana noma ke bi wajen raba filin gwaji, da wasan Sudoku da ke cikin wayoyin mutane. An daɗe da sanin cewa hatimi mai gida tara iri ɗaya ne tak, sai dai a juya shi ta fuska takwas, mai gida 16 kuma iri 880 ne. Na mai gida 25 sai a 1973 aka ƙirga shi da kwamfuta, aka samu 275,305,224.

Gidan Jabarti

A Alƙahira ya fara zama a Darbul Atrak, wata unguwa a gefen masallacin Azhar. Mutanen ƙasashen Sudan ba baƙi ba ne a birnin. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu makaranta a can, Azhar kuma tana da masaukai na ɗaliban ƙasashe, har da na Barnawa. Amma yawanci zuwa ake yi a ɗauki karatu. Shi kuwa an zo an ɗauka a wurinsa.

Fitaccen wanda ya ɗauka shi ne Shehu Hasan al-Jabarti, malamin Hanafiyya da aka haifa a 1698, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Zaila a gabashin Afirka. A wurin al-Kashinawi ya koyi ilimin hatimai da dabarun rarraba haruffa da lambobi. Don a san ko wane ne wannan ɗalibi, akwai labarin wani gwamnan Daular Usmaniyya, Ahmad Basha, da aka turo Masar wajen 1749. Mutum ne mai son lissafi da falaki. Ya yi wa shugabannin Azhar tambayoyi a fannin suka kasa, ya nuna mamakinsa cewa ƙasar da ake yi wa kirari da ilimi ba ta da mai amsawa. Shehun Azhar na lokacin, Abdullahi ash-Shubrawi, sai ya nuna masa gidan Hasan al-Jabarti, kuma a can gwamnan ya samu abin da yake nema.

Zumuncin malamin da ɗalibinsa ya kai har al-Kashinawi ya koma gidan Jabarti, a nan kuma ajali ya same shi a 1154. Kafin ya cika ya naɗa Shehu Hasan wasiyyin dukiyarsa da littattafansa, littattafan nan da ya kwafa da hannunsa tun daga ƙasar Hausa. Shehu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama da ke maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Abdurrahman, ɗan Shehu Hasan, bai riski malamin ba, domin an haife shi ne fiye da shekara goma bayan rasuwarsa. Ya dai taso a gidan da aka bar wa amanar takardun. Da ya girma ya zama mai ba da tarihin Masar, har da shigowar Napoleon a 1798, sai ya ware wa baƙon mahaifinsa gurbi a cikin manyan da suka rasu, ya jera masa kirarin imami da tekun ilimi. A gida ma ba a manta da shi ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi cikin malaman wannan ƙasa a Infaƙul Maisur.

An buga ad-Durrul Manzum a Alƙahira a 1961. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya fitar da nazari a Ibadan a kan yadda al-Kashinawi ya yi bayanin ramzi. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta sanya shi a littafinta Africa Counts, ta nan ne sunansa ya shiga azuzuwan Amurka da Turai. A 1994 Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi a ƙasar Suwizalan, ya bi hanyoyinsa na gina hatimai ɗaya bayan ɗaya ya fassara su zuwa harshen lissafin zamani. Ɗaya daga cikin kwafe-kwafen rubutun hannu na littafin hatiman yana ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan.